Na ɗauko marainiya daga gida, amma zuciyata ta ƙi karɓarta

Assalamu alaikum. Ni da maigidana muna zaune a Amurka. Shekararmu 11 da aure, Allah bai ba mu haihuwa ba. Mun nemi riƙon wata yarinya daga wani gidan marayu a Najeriya, muka yi shekara biyu da wata bakwai muna zarya tsakanin kotu, ma'aikata da ofishin jakadanci. Yau wata huɗu da isowarta, shekarunta uku da 'yan watanni. Abin da nake kunyar faɗa wa kowa shi ne ba na jin komai a kanta. Lokacin da hotonta kawai nake gani a waya har kuka nake yi don sonta. Yanzu ga ta a ɗaki, ji nake kamar 'yar maƙwabta aka bar mini. In na ɗauke ta sai ta sandare, amma a masallaci cinyar kowace mace hawa take yi tana ce mata Mama. A gida da babanta kawai take yarda. Tana ɓoye burodi a ƙarƙashin matashi, tana farkawa da ihu sau biyu sau uku a dare, ta koma fitsarin kwance. Ni kuma ba barci, ba cin abinci, sai kuka a banɗaki. Surukata ta ce mini a waya tsintacciyar mage ba ta mage, a mayar da ita tun ba ta yi wayo ba. Yayata kuma ta ce mu ɓoye mata asalinta har abada. Shin zaluntarta na yi? Ko dai ban cancanci zama uwa ba ne shi ya sa Allah bai ba ni ba?

Wata baiwar Allah, Amurka

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa.

Tambayarki ta ƙarshe za mu fara sauke miki, don ita ce ta fi nauyi kuma ita ce ba ta da tushe. A Suratus Shura, aya ta 49 da 50, Allah Ya ce Yana ba wanda Ya so mata, Ya ba wanda Ya so maza, Ya haɗa wa wani, Ya bar wani babu. Ba a ambaci cancanta a wurin ba. Nana A'isha ba ta haihu ba. Ki rufe wannan babin.

Yanzu ki tuna yadda ake yi wa mai jego a gida. Kwana arba'in ba ta ɗaga ko tsinke. Ana dafa mata ruwan wanka, ana dama mata kunun kanwa, ana gasa mata nama, ga tsohuwa a gefe mai karɓar jariri in ya hana ta barci. Duk da wannan gata, mata da yawa in za su faɗi gaskiya sai an kwana biyu kafin son jaririn ya zauna musu a zuci. Ke kuwa mutum aka miƙo miki mai shekara uku, da haƙoranta da halinta da abin da take so da wanda ba ta so, kuka sauka a gidan da babu uwa, babu ƙanwa, babu maƙwabciyar da za ta leƙo ta ce kawo ta in riƙe miki. Kin zama uwa ba jego. Kuma saboda ke kika nema da kanki, kika kashe kuɗi, kika sha jira, sai kike ganin ba ki da bakin cewa kin gaji.

Abin da kike ji sananne ne. Tun shekarun 1990 masu aikin riƙon yara a Amurka suka lura iyayen riƙo na faɗawa ciwon damuwa bayan isowar yaro, kamar yadda masu jego ke faɗawa. Karen Foli ta Jami'ar Purdue a jihar Indiyana ta daɗe tana bincike a kansa, kuma abin da ta fi nunawa shi ne tazarar da ke tsakanin abin da uwa ta zata da abin da ta tarar. Yarinyar da kika so a waya ba ta ture hannunki. Wata 31 kina gina ta a zuci, kin ba ta murya, kin ba ta hali, har kin san yadda za ta rungume ki a filin jirgi. Wadda ta iso wata ce daban, kuma ba ta san an yi wannan shiri da ita ba. Ga kuma tsohon miki na shekara 11. Riƙo yana kawo ɗa gida, amma ba ya goge zafin cikin da ba a ɗauka ba. Mata da yawa sai yaron riƙo ya iso sannan wannan baƙin cikin yake taso musu gaba ɗaya, domin ranar ce suke tabbatar wa kansu cewa waccan hanyar sun bar ta.

Rashin barci, rashin cin abinci da kuka kullum da suka wuce mako biyu sun isa a ga likita, kuma a wannan makon muke nufi. Ki faɗa masa yadda kika faɗa mana, kada ki yi masa kara. Zai ba ki takardar tambayoyi ta auna damuwa. Ki nemi a duba miki jini ma, saboda ƙarancin jini da matsalar maƙoƙo suna kawo kasala da ƙuncin da ake ɗauka damuwa ce. In ya rubuta magani ki sha. Irin waɗannan magunguna sukan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin a ga aikinsu sosai, kada ki yar a mako na biyu ki ce ba ya yi. Addu'a da magani ba kishiyoyi ba ne. In kuwa wani dare tunanin cutar da kanki ko cutar da ita ya zo miki, ki ajiye ta a wuri mai aminci, ki tashi maigida, ki kira 988, layi ne da ba ya rufewa dare da rana.

Barci kuma a raba shi kamar yadda ake raba girki. Kina bukatar awa biyar zuwa shida a jere ba yankewa, aƙalla dare uku ko huɗu a mako, a wani ɗaki, ƙofa a rufe. Maigida ya duba hutun iyali na dokar tarayya: mako 12 ne ba albashi, ya haɗa da iyayen riƙo, ana iya ɗaukarsa cikin shekarar farko da isowar yaro, in ma'aikatar tana da ma'aikata 50 ko fiye kuma mutum ya cika shekara yana aiki da su. Kuna cikin lokacin har yanzu.

Mu koma ɓangarenta, don in kika gane abin da take yi, rabin zafin da kike ji zai ragu.

A gidan marayu, ko mai kyau ne, mata ne ke aiki bi da bi. Wadda ta yi mata wanka da safe ba ita za ta kwantar da ita ba, wadda ta saba da ita bara ta bar aiki bana. Yaro mai wayo a irin wannan wuri abu biyu yake koya: ya yi wa kowane baƙo fara'a, don baƙo ne ke zuwa da alewa da ɗauka, kuma kada ya jingina da mace ɗaya, don tafiya za ta yi. Mu a al'ada in yaro ba ya ƙiwa yabonsa muke yi, mu ce yana da son mutane. A yaron da ya tashi a hannun uwarsa haka ne. A yarinya irin taki, rashin ƙiwar nan alama ce cewa ba ta riga ta san akwai mutum ɗaya da yake nata ba. "Mama" a bakinta ba sunanki ba ne tukuna, sunan duk wata babbar mace ce mai iya ba da abinci. Sandarewar da take yi a hannunki kuma ba ƙiyayya ba ce. Ke ce kika fi kama da waɗanda suka yi ta tafiya suna barinta. Babanta namiji ne, ba ta da tsohon ciwo da maza, shi ya sa ya fi sauƙin yarda. Kin taɓa ganin yaron da aka kai yaye gidan kaka? Ranar da uwarsa ta zo ganinsa sai ya juya mata ƙeya ya maƙale wa kaka, alhali ita ya kwana yana kira. To ita wannan an yaye ta daga duk abin da ta sani a rana ɗaya: gadonta, ƙawayenta, warin ɗakin, zafin rana, har kukan zakara.

Sau da yawa makonnin farko lafiya lau ake yi, yaro ya zama kamar baƙo mai kunya, komai aka ce ya yi. Sai a wata na biyu zuwa na huɗu rigima ta ɓarke, iyaye su ce ya lalace. Ba lalacewa ba ce, ya fara sakin jiki ne har ya iya nuna tsoronsa. Kuna daidai wannan gaɓar.

Akwai dalilin sa rai, ba lallashi muke yi miki ba. Bayan faɗuwar gwamnatin Romaniya a 1989 an tarar da yara fiye da 100,000 a gidajen marayun ƙasar cikin mummunan hali. A wani bincike da aka fara a Bukares, babban birnin ƙasar, a shekarar 2000 da yara 136, an mayar da rabinsu hannun iyalai, rabi suka ci gaba da zama inda suke. Da suka kai shekara uku da rabi, kusan rabin waɗanda ke hannun iyalai sun yi shaƙuwa mai kyau da masu riƙonsu, a ɗaya ɓangaren kuwa ba su kai ɗaya cikin biyar ba. Binciken ya nuna wanda aka fitar kafin shekara biyu ya fi saurin farfaɗowa, don haka taki za ta bukaci lokaci da haƙuri fiye da jaririya. Amma kina da abin da yawancin masu ɗauko yara daga wata ƙasa ba su da shi: harshenta, abincinta, kamanninta. Baturiyar da ta ɗauko yaro daga Habasha ko Koriya da alamar hannu take fara magana da shi. Ke za ki iya ce mata "zo nan, 'yar albarka" ta gane. Kada ku saki Hausa a gida. Yara masu irin shekarunta da aka kai inda ba a jin yarensu cikin 'yan watanni suke mance shi, kuma Turanci zai same ta ko kun so ko ba ku so ba.

Shawararmu ita ce ki yi arba'in ɗin da ba ki samu ba, ke da ita. Kwana 40 ku rage duniya. Ba taron suna, ba biki, ba yawon kanti da ita in ba dole ba, baƙi kaɗan kuma na ɗan lokaci. A cikin kwanakin nan mutum biyu kawai ke ba ta abinci, su yi mata wanka, su ɗauke ta, su lallashe ta: ke da babanta. Ki gaya wa ƙawayenki tun kafin su zo: "In ta miƙo hannu ku gaishe ta, ku ce je wurin Mamanki. In ta nemi ruwa ku turo ta gare ni." Wasu za su ji haushi, su ce kin cika iyayi. Wadda ke son taimakonki da gaske ta kawo miki miya ko ta kwashe wanki. Sunan Mama kuma ki keɓe shi, sauran mata su zama Anti ko Gwaggo, ki riƙa gyara mata a hankali ba tsawa.

Ki fara da goyo. Yarinyar da ke tsoron a rungume ta fuska da fuska takan yarda da baya, domin babu haɗa ido, ga ɗumin jiki, ga motsi, kuma abu ne da wataƙila jikinta ya sani. Minti biyar zuwa goma kina shara ko kina ninke kaya, ba a gaban murhu ba. In ta ƙi ki sauke ta, gobe ki sake. Bayan wanka ki shafa mata mai, ki fara da ƙafa da hannu, kina yi kina faɗin abin da kike yi. In ta ƙi ki, babanta ya riƙe ta a cinya ke ki shafa, ko shi ya riƙe kwano ke ki ba ta a baki. Aikinsa a wannan lokaci shi ne ya riƙa miƙo ta gare ki, ba ya zama mafakar da take guje miki zuwa ba. In ta faɗi ta ruga wurinsa, ya ɗauke ta ya zo da ita kusa da ke ya ce "bari Mama ta duba." Sannan kullum ki ware minti goma ki zauna a ƙasa, waya a wani ɗaki, ta zaɓi wasa ki bi ta. Ba koyarwa, ba tambayar wannan wane launi ne. Ba sai kina jin so ba kafin ki yi waɗannan. A irin wannan riƙo hidima ce ke gaba, so na biye da ita, kuma sau da yawa sai ya zauna kafin mutum ya lura.

Burodin ƙarƙashin matashi kada ki yi mata faɗa a kansa, kada ma ki ɗauke a gabanta. Inda ta fito abinci da lokacinsa yake zuwa, in ya wuce ya wuce, mai saurin hannu shi ke ƙoshi. Ki samo 'yar roba mai murfi ki ce mata wannan taki ce, ki sa biskit ko yankakken dabino da aka cire ƙwallonsa, ta ajiye inda ta ga dama, kina cika mata kullum. Ban da gyaɗa, ban da inabi ɗungurungum, suna shaƙe yara masu irin shekarunta. Abinci sau uku, da ɗan abin taɓawa sau biyu ko uku a tsakani, kada a wuce awa uku ba ta sa wani abu a baki ba. Ki duba kumatunta kafin barci, irin waɗannan yara kan ƙunshe nama a baki su kwana da shi. Ki dafa abin da ta sani, kunu, shinkafa da wake, taliya da manja, tuwo da miyar kuka, sabon abu kuma ɗaya ɗaya a gefen kwano. Kada abinci ya taɓa zama horo ko lada. Ɓoyon yakan ragu da kansa in ta ga robar ba ta taɓa zama fanko ba, amma watanni ake magana, ba kwanaki ba.

Da dare kuma, in kun yi mata irin na nan, ɗakinta daban fitila a kashe, to ku janye. Yarinyar da ta saba kwana cikin numfashin yara goma ba ta taɓa sanin shiru irin wannan ba. Ku sa katifarta kusa da gadonku, da 'yar fitila. Ihun dare iri biyu ne. Akwai mugun mafarki, wanda take farkawa sosai ta gane ki, wannan ɗauka da lallashi yake so. Akwai firgita, wadda ke zuwa cikin awa biyu ko uku na farkon barci: ido a buɗe amma ba ta gane kowa, tana ture duk wanda ya taɓa ta, da safe kuma ba ta tuna komai. A wannan kada ki girgiza ta ko ki watsa mata ruwa. Ki zauna kusa, ki kare ta daga bugewa, ki yi mata addu'a a hankali, cikin mintuna zai wuce. In kusan lokaci ɗaya yake zuwa kullum, ki ɗan motsa ta minti 15 kafin lokacin na tsawon mako guda. Gajiya na ƙara shi, kuma mai shekara uku na bukatar barcin awa 10 zuwa 13 a yini, har da na rana. Fitsarin kwance a wannan shekaru ba abin magana ba ne. Famfas da dare, leda a katifa, a wuce wurin.

Sai dai kafin a ɗora komai a kan zuciya, a duba jiki. Gwajin da aka yi mata don biza bai wadatar ba. Ki nemi likitan yara ya yi cikakken binciken yaron da aka ɗauko daga waje, ko ya tura ku asibitin da ya ƙware a kai. Jami'ar Minesota na da irinsa tun 1986, wasu manyan asibitocin yara ma suna da shi. A duba bayan gida sau uku a ranaku daban daban, don tsutsar ciki da ƙwayar jiyadiya ba sa fitowa a kowane gwaji, kuma jiyadiya kan sa madara ta riƙa murɗa wa yaro ciki. A duba ƙarancin jini, sikila, gubar dalma, bitamin D, ciwon hanta nau'in B da C, da tarin fuka ta hanyar jini tunda mai yiwuwa an yi mata allurar BCG ta rigakafinsa, a kuma maimaita bayan wata shida. A auna ji da gani. Yaron da kunnensa ke ruwa ko ƙazuwa ke cinsa da dare ba ya barci, kuma ba zai ce miki ga abin da ke damunsa ba. Tunda ta cika uku, hukumar makarantun yankinku za ta auna maganarta da girmanta kyauta in kika rubuta kika nema.

Horo kuma: ban da duka, ban da kulle ta a ɗaki ita kaɗai, ban da dodo. In ta yi ɓarna ki zaunar da ita kusa da ke har ta huce, ki faɗi dokar da kalma huɗu ko biyar. Kalma ɗaya ce ba a yafe ta a gidan nan, daga bakin kowa, ko da wasa: "zan mayar da ke." In za ki fita ki yi mata sallama ki faɗi lokacin dawowa, kada ki sulale. Ganin akwati ma kan tayar wa irinsu hankali, don haka tafiya gida a jinkirta ta sai ta zauna da gindinta.

Wannan ya kawo mu ga Hajiya surukarki. Ba ke za ki amsa mata ba, ɗanta ne zai yi, cikin ladabi, sau ɗaya, a rufe maganar. Ya gaya mata yarinyar ta riga ta yi wayon da ake tsoro, mayar da ita yaye na biyu ne da ya fi na farko muni. Ya tuna mata hadisin da ke cikin Buhari, inda Annabi (SAW) ya nuna yatsunsa biyu ya ce shi da mai riƙon maraya kamar haka suke a Aljanna. Ya kuma gaya mata a dokar ƙasar da kuke, riƙon da kotu ta tabbatar ba a warware shi da tikitin jirgi. A 2010 wata mata a jihar Tenesi ta sa yaro ɗan shekara bakwai a jirgi shi kaɗai zuwa Mosko da wasiƙa a hannu, ƙarshe kotu ta ɗora mata kuɗin ciyar da shi. Tsofaffi da yawa da suka fara da irin wannan magana sukan sauko in suna ganin jika a waya tana gaishe su da Hausa, amma kada ki sa wa kanki wannan aikin yanzu.

Tunda an zo kan doka, yau ɗin nan ki buɗe fasfonta ki duba bizar. In IR-3 ce, ta zama 'yar ƙasa da shigowarta, takardar shaida kan zo ta gidan waya, ki tabbata ta iso. In IR-4 ce, katin zama kawai take da shi, sai kun kammala riƙon a kotun jiharku kafin ta cika 18. Akwai waɗanda aka kawo suna yara, iyayen riƙo suka yi sakaci da wannan, suka girma aka kore su zuwa ƙasar da ba su san kowa ba. Duk wata takarda kuma, ta kotu, ta 'yan sanda, ta gidan marayu, hotuna, sunayen matan da suka rene ta, har rigar da ta zo da ita, a adana, a yi kwafi. Wata rana za ta karanta cewa Birtaniya ta taƙaita ɗauko yara daga Najeriya a 2021 saboda shakku kan takardu da safarar jarirai, ko labarin yara 103 da wata ƙungiyar Faransa ta so fita da su daga Abeche a Chadi a 2007 da sunan marayu ne alhali yawancinsu na da iyaye. Za ta tambaye ki ko ita ma haka aka yi. Takardun nan ne amsarki.

Yayarki kuwa da kyakkyawar niyya ta yi magana, amma ba za mu goyi bayanta ba. Addini bai yarda ba. Zaidu, ɗan riƙon Annabi (SAW), ana kiransa ɗan Muhammadu har Suratul Ahzab ta sauka, aya ta 5 ta ce a kira su da sunan ubanninsu, in ba a san ubannin ba to 'yan'uwanku ne a addini. Ya koma Zaidu ɗan Harisa, son da Annabi (SAW) ke masa kuma bai ragu ba. Ayar nan ta kuma toshe bakin masu yi wa yaron da ba a san iyayensa ba mugun suna. Ban da haka, sirrin da surukarki ta sani, yayarki ta sani, matan masallaci suka sani, ba sirri ba ne. Ranar Sallah wani yaro zai gaya mata a tsakiyar wasa. Ko ba wannan, gwajin ƙwayar halitta yanzu da yawu ake yinsa a aika ta gidan waya. Wanda ya ji daga bakin wasu yana da shekara 15 ba riƙon ne ke karya shi ba, ƙaryar ce.

Ki fara tun yanzu, tun maganar ba ta da nauyi. Ki haɗa ɗan littafin hotuna: ga gidan da kika zauna, ga Anti da ke yi miki wanka, ga ranar da muka zo, ga jirgi, ga gadonki. Kalmomin kaɗan ne: "Wata mata ce ta haife ki a Najeriya. Ba ta samu ikon renon yaro ba. Ni da Baba muka zo muka ɗauke ki, mu ne masu riƙonki har ki girma." Kada ki ce ta mutu in ba ki tabbatar ba. Kada ki ce don tana sonki ne ta bayar da ke, don yaro zai lissafa cewa ke ma kina sonsa. In ta tambayi abin da babu amsarsa a takarda, ki ce mata babu, ku ji zafin tare. Cikakken labarin yadda aka same ta kuma nata ne, ba na zaman hira ba. Mai tambaya ki ce "wannan sai ta girma ta faɗa da kanta." Sunan da ta zo da shi a bar mata, kusan shi kaɗai ne abin da ta mallaka.

Abu biyu ku kai wa malamin da ya san fiƙihu ya kuma san dokar ƙasar, tun yanzu ba sai ta balaga ba. Na farko muharramci: ta wuce shekarun da shayarwa ke haramta aure a wurin jumhurun malamai, don haka akwai hukuncin sutura da keɓancewa tsakaninta da maigida nan gaba. Yarinyar da ta tashi da sanin labarinta za ta ɗauki wannan a hankali. Wadda aka ɓoye wa kuwa, rana ɗaya za a ce ta sa mayafi a gaban wanda take kira Baba, ta rasa dalili. Na biyu gado: a shari'a ba ta cikin magada, amma ana yi mata wasiyya har sulusin dukiya, ana kuma yi mata kyauta tun ana raye. A dokar jiha kuwa, in babu rubutacciyar wasiyya, kamar 'yar cikinku za a lissafa ta. Ku rubuta da lauya don kada a bar ta tsakanin kotu da dangi.

In kun yi wata biyu zuwa uku a kan wannan tsari babu ko ɗan motsi, ko tana cutar da kanta, ko tana bin baƙo ta tafi ba waiwaye, ku nemi mai ba da shawara da ya saba da yaran riƙo, wanda zai zaunar da ke da ita tare, ba ita kaɗai ba. Duk wanda ya ce a danne ta da ƙarfi ko a naɗe ta a bargo har ta sallama, ku tashi ku bar wurin. Irin wannan ya kashe wata yarinya 'yar shekara 10 a Kolorado a 2000, jihar ta haramta shi a shekarar da ta biyo.

Ci gaban ba a miƙe yake zuwa ba. Za a yi mako mai daɗi, sai zazzaɓi ko baƙo ko sauyin lokaci ya mayar da ku baya, ki ga kamar ba a yi komai ba. Ki ajiye ɗan littafi, layi ɗaya kowane dare, don ido ba ya ganin girman abin da yake kallo kullum. Abubuwan da za ki rubuta ƙanana ne: ta waiwayo ta dube ki kafin ta taɓa wani abu, ta kawo miki yatsan da ta buge, ta bar rabin biskit a faranti ta tafi wasa, ta kwantar da kai a bayanki maimakon ta sandare. Ranar da kuka koma masallaci wata ta miƙo hannu, ita kuma ta ɓuya a bayan zanenki, matan za su ce yarinyar nan ta koyi ƙiwa, da ba haka take ba. Ki bar su su faɗa, ki rubuta kwanan watan.